Mu da Tumatirinmu

A unguwarmu ba a tambayar sunan tumatir. Tambaya biyu ce a gaban mai kayan miya: "Malam, nawa kashi?" da kuma "Ba gyara?" Sauran aikin na ido ne da ɗan yatsa. A ɗaga, a juya, a latsa. In ya yi jawur kuma da tauri, a jefa a leda. In kafaɗarsa ta yi ruwan ɗorawa, a mayar. Ko maigida ne ya yo cefane, ko yaro aka aika bakin layi, hukuncin ƙarshe a tsakar gida ake yanke shi, sa'ad da uwargida ta zazzage ledar a roba ta ce, "Wannan ai ruwa aka sayo mana." Shinkafa mun san 'yar gida da 'yar waje, wake mun san fari da ja, har manja mukan tambayi na ina ne. Amma abin da yake shiga tukunyarmu kusan kullum, sunansa ɗaya a bakinmu.

Masu noma shi kam sun san bambancin. Wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kura ko Garun Malam da rani, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonaki, ko ya tsaya a Kwanar Gafan lokacin da ake loda kwanduna zuwa Legas, ya ji yadda dillalai suke kiran kowane iri da sunansa. Ga UTC mai tauri da kaurin nama, wanda yake jure doguwar tafiya. Ga Roma mai ɗan tsayi, wanda ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar tun 1955 saboda masu yin tumatirin gwangwani. Ga Ɗan Siriya. Ga kuma na damina, mai ruwa da tsami da yawan 'ya'ya, wanda muke ƙorafi a kansa muna saye don babu wani. Manomi yana zaɓen iri ne da lissafin wanda zai isa kasuwa bai fashe ba, mu kuma da lissafin wanda zai yi auki. Abin da yake cikin tumatirin, mai amfani da mai cutarwa, ba ya shiga lissafin kowa a cikinmu.

To, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a maganar ja idonmu bai yi ƙarya ba. Jan nan da muke nema wani sinadari ne da ake kira laikofin. Shi ne a cikin kankana, shi ne a jar gwaba. Yana daga cikin sinadaran da suke tare wata ɓarna da take faruwa a jiki kullum ba tare da mun ji ba. Kamar yadda iska da danshi suke cin kwanon rufi har ya yi tsatsa, haka aikin numfashi da ƙona abinci yake barin wasu ɓurɓushi masu cin ƙwayoyin jiki a hankali, hayaƙi da taba kuma su ƙara musu yawa. Laikofin da 'yan'uwansa, irin su bitamin C da bita-karotin, su ne suke rage wannan cin. Ɗanyen jan tumatir yana da kusan miligiram 3 na laikofin a kowane giram 100, kuma iya jansa iya yawan abin. Matar da ta tsaya tana tsince jajaye tana mayar da masu fari-fari, mai kayan miya yana cewa "Hajiya, ai duk ɗaya ne," ita ce da gaskiya.

Akwai ƙorafin da ba ya wuce mu duk shekara. Da bazara ta kama, sai ki ji ta kan katanga: "Ni tumatirin yanzu ba ya ja, ko takin zamani ne ya yi masa yawa?" Wata ta ce ɗanye ake tsinke shi. Laifin na zafin gari ne. Tumatir yana haɗa laikofin ne a yanayi mai ɗan sanyi. Da zarar zafi ya haura digiri 30, aikin sai ya ja baya, shi kuwa bita-karotin mai ruwan lemo ya ci gaba da taruwa, tumatirin ya nuna amma ya fito ruwan ɗorawa. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai 40. Shi ya sa na lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi kowanne ja da daɗin miya, ga shi lokacin ne ya fi araha. Wannan kuma ya taɓa wata al'adarmu ta shanya wanda bai gama nuna ba a rana wai don ya yi ja. Wanda ya fara juyawa ba ya bukatar rana. A baza shi a inuwa, a ɗaki mai iska, zai fi yin ja da kyau.

Inda nake jinjina wa iyayenmu mata shi ne wajen dahuwa. Babu wadda ta shiga ɗakin gwaji a cikinsu, amma dokar da suka kafa mana ta miya daidai take. A markaɗa, a tafasa har ruwan ya tsotse, a zuba mai, a soya har man ya taso sama. Yarinya ta sauke kafin nan, Inna ta ɗanɗana ta ce, "Mayar da ita, ba ta soyu ba." Laikofin a ɗaure yake cikin naman tumatir, ɗanye in aka ci kaɗan ne jiki yake iya kwasa. Markaɗe da wuta suna kwance shi. Sannan ba ya narkewa a ruwa, sai a mai, don haka man gyaɗa ko manjan da aka zuba shi ne yake ɗaukar sa ya kai shi jini. A Jami'ar Cornell da ke Amurka an gwada wannan a 2002. Aka dafa tumatir na minti 30 a zafin digiri 88, laikofin da ake iya samu ya ninka fiye da biyu, bitamin C kuwa ya ragu da kashi 29 cikin ɗari. Wuta ta ba da wani abu, ta karɓi wani.

Abin da ta karɓa kuwa muna da hanyar maido shi, in mun lura. Yankakken tumatir da albasa da mai tsire yake barbaɗa mana, wanda ake yankawa kan ɗan wake, na cikin kwaɗon zogale da na salak, nan bitamin C yake da ransa. Wasunmu ture shi suke yi gefen takarda su cinye naman. Tattasai ma da muke haɗawa don miya ta ƙara ja ya ninka tumatir bitamin C sau da yawa, jansa kuma wani sinadari ne daban mai nasa amfanin. Abu biyu ne dai nake ganin muna yi wa kanmu asara da su. Ɗaya kanwa, ko hodar fulawar nan da ake jefawa don kashe tsami. Tana kashe tsamin, tana kuma kashe bitamin C ɗin da ya rage. Haƙurin barin miya ta dahu da ƙara albasa ya fi. Na biyu suyar da take wuce misali, a cika wuta har gindin tukunya ya kama, miyar ta koma baƙi-baƙi. A nan laikofin ɗin kansa ya fara lalacewa.

In tumatir ya yi tsada kuma, kamar 2016 da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina, sai unguwa ta rabu gida biyu, 'yan gwangwani da 'yan kauɗa, kowa yana kushe na wani. Na gwangwani na gaskiya, wanda tumatir ne zalla aka dafe, laikofin ɗinsa ya kai kusan ninki goma na ɗanye, domin an ƙone ruwan an bar naman. Sai dai ba duk jan abin da ke cikin leda ne tumatir zalla ba. Wasu gauraye ne da sitaci da sukari da kala, kuma a rubuce yake a jikin ledar ga wanda ya duba. Kauɗa ma ba abin rainawa ba ce. Bitamin C ɗinta rana ta tafi da mafi yawansa, amma laikofin yana nan a tare. Damuwarta ita ce inda aka shanya ta. Wadda aka baza a ƙasa a gefen titi ta sha ƙura, wadda ba ta bushe sosai ba ta yi fumfuna. Haka fasasshen tumatirin da ake sayarwa da araha da yamma. "Ai wuta za ta kashe komai," in ji mu. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma gubar da fumfuna ta riga ta zuba ba ta jin tafasa. Wanda ya fashe yau a hanya daban, wanda ya yi farin gashi yana wari daban.

A wasu ƙasashen tumatir ba ja kaɗai ba ne, kuma kowane launi da abin da yake ɗauke da shi. Rawaya laikofin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Cikin masu ruwan lemo akwai mai yawan bita-karotin, wanda jiki yake juyawa zuwa bitamin A, akwai kuma wani iri da laikofin ɗinsa yake da wata siffa mai sauƙin shiga jini. A Jami'ar Jihar Ohayo an ba mutane ruwan wannan irin da na ja a 2015, aka ga laikofin na mai ruwan lemon ya shiga jikinsu fiye da ninki takwas. Akwai mai ruwan makuba, wanda launinsa antosayanin ne, dangin sinadarin da ya ba zoɓonmu kalarsa. Jami'ar Jihar Oregon ta fitar da wani mai suna Indigo Rose ta hanyar barbarar iri, nasa launin a ɓawo kawai yake, gefen da rana ta taɓa. A Cibiyar John Innes da ke Ingila kuma Farfesa Cathie Martin da abokan aikinta sun sa wa tumatir ƙwayoyin halittar wani fure a 2008, ya fito makuba har cikin nama. Ƙananan nan kuma, irin masu fitowa da kansu a bayan gida mu ce na tsuntsaye ne, ɓawonsu ya fi yawa in an kwatanta da namansu, kuma a ɓawo ne yawancin sinadaran nan masu amfani suke taruwa.

Kada dai murna ta kwashe mu mu mai da shi magani. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 1995, wanda ya bi maza kusan 48,000, ya ga masu yawan cin miyar tumatir ba su cika kamuwa da sankarar mafitsara ta maza ba kamar sauran. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta duba, ta bayyana a 2007 cewa hujjar ba ta da ƙarfi. Tumatir abinci ne mai kyau, a ci shi a matsayin abinci.

Yanzu ga inda idon nan namu ba ya gani, kuma nan ne abin yake damuna. Kusan kowane layi akwai yaro, ko amarya, ko wani dattijo, da yake cewa tumatir ba ya karɓarsa. Me muke ce wa yaron? "Iyayi ne." "Tsirfa ce, mu da muka tashi da shi me ya yi mana?" "Ci maza, ko ka kwana da yunwa." In amarya ce, a ce tana yi wa dangin miji yanga. Yaro ya ce bakinsa yana ƙaiƙayi, leɓensa ya ɗan tasa, a ce attaruhu ne ya yi yawa. Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, a ce borin jini ne, a shafa masa toka ko manja, ko a aika kemis a sayo Piriton, gobe kuma a sake zuba masa miyar. Ba mugunta ce take sa mu ba. Tumatir ya zama ɗan gida a wurinmu har ba ma kawo shi cikin waɗanda ake zargi. Amma jiki magayi, kuma in ya faɗi magana ɗaya sau uku ya kamata a saurara.

Ba kowane rashin karɓa ne iri ɗaya ba. Wani ƙwannafi ne, tsamin tumatir da yawan mai suke taso masa, musamman mai gyambon ciki. Wani tsamin ne kawai yake cin fatar gefen bakinsa, kamar yadda ake gani ga jarirai masu fara cin abinci. Masu aikin gona kuma sun san ƙaiƙayin da ganye da karan tumatir suke sa wa hannu. Duk waɗannan da wuya, amma ba su ne alaji ba. Alaji shi ne garkuwar jiki ta ɗauki wani furotin da ke cikin abinci a matsayin abokin gaba, ta sako histamin, nan da nan ko cikin awa ɗaya zuwa biyu a ga ƙaiƙayi, kumburi, ruɗu-ruɗu, amai, wani lokaci har sarƙewar numfashi.

Masana sun gano furotin da dama a tumatir masu jawo haka, sun ba su lamba, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Sola l 1 yana kama da wani furotin da ke cikin ƙurar furen ciyawa, shi ya sa wasu masu atishawa da ƙaiƙayin ido lokacin da ciyawa ta yi fure suke jin baki yana musu ƙaiƙayi in sun ci ɗanyen tumatir ko kankana. Sola l 4 kuma yana kama da na furen wata bishiya mai farin ɓawo da ta cika dazuzzukan arewacin Turai, don haka mutanen can ya fi damu. Waɗannan biyun ba sa jure wuta, yawanci kuma a baki da maƙogwaro suke tsayawa. Wannan ne sirrin mutumin da yake shan miya lafiya lau amma ya ture na kan tsire, mu ce masa, "Kai da ka sha miyarsa jiya?" Gaskiya yake faɗa. Na ukun shi ne abin tsoro, Sola l 3, wanda ya fi taruwa a ɓawo, yana kuma da 'yan'uwa a cikin 'ya'yan. Shi ba ya jin wuta, ba ya jin ruwan ciki, yana nan a miya, yana nan a gwangwani, kuma shi ne yake iya kai mutum ga mummunan hali. A Italiya da Sifen irin wannan ne ya fi wahalar da mutane.

Ko iri yana da tasiri a nan? Yana da shi. A Jami'ar Fasaha ta Munik da ke Jamus, a 2018, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Wilfried Schwab sun auna Sola l 4 a cikin irin tumatir 23 masu launi daban-daban. Suka tarar wani irin ya ninka wani sau da yawa, suka kuma tarar busarwa da zafi tana rage shi sosai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne launi bai nuna komai ba. Ja ko rawaya ko kore, ba za ki kalla ki ce wannan ya fi wancan laifi ba. Wato duban nan da latsawar da suke yi mana aiki wajen zaɓen mai amfani, a nan ba su da ta cewa. Saboda haka wadda ta ce na damina yana tayar mata da ƙaiƙayi amma na rani ba ya yi, kada a yi mata dariya, tana iya yin gaskiya. Amma kada kuma a ɗauka an sami irin da ba ya cutarwa. Binciken furotin ɗaya ya auna cikin da yawa, kuma mai alaji mai tsanani ɗan kaɗan ya ishe shi.

Abin da ya rage mana shi ne lura da tambaya. Uwa ta riƙe a ranta me yaro ya ci, ɗanye ne ko dafaffe, bayan wane lokaci abin ya fito, a ina ya fito. A ɗauke masa tumatirin na ɗan lokaci a gani, sannan a kai wannan bayanin asibiti, domin da shi likita zai fara aiki. Ba a gwaji a gida a kan wanda abin ya taɓa yi wa tsanani, irin na "bari mu ba shi kaɗan-kaɗan ya saba." In kuwa harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi yana fita da ƙyar, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, to ba maganar toka ba ce, ba ta Piriton ba ce. Allurar adirenalin ce maganinsa, a asibiti take, kuma a lokacin ake tafiya, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Ciyar da irin wannan mutum ba zai gagare mu ba, mu da muke da kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa, waɗanda kakanninmu suka sha tun tumatir bai baro nahiyar Amurka ya iso gare mu ba. A ɗebar masa nasa kafin a zuba markaɗe, a ware masa ludayi, a gaya wa maƙwabta masu aiko da kwano, a gaya wa malaman makarantarsu. In an je biki ya tambayi abin da ke cikin abinci, a ba shi amsa, kada a ce ya cika fi'ili. Sai kuma injin markaɗe na bakin layi, wanda ba ma tunawa da shi. Daga safe zuwa azahar tumatirin gida nawa ne yake bi ta cikinsa, ga gyaɗa, ga wake, ga waken suya, ɗauraya kuwa kofi ɗaya ne na ruwa tsakanin roba da roba. Ga yawancinmu wannan ba komai ba ne. Gidan da yake da mai alaji mai tsanani kuwa, kayan miyarsa a jajjaga su a turmin gida, ko a roƙi mai injin ya wanke shi sosai a fara da nasu da sassafe.